Maki Biyar da Marfin Kwalba

Arzika, ɗan ƙanwata, mai gyaran waya a Gawon Nama,
shi ya kawo mini kwamfutar, 'yar gwanjo,
harafi ɗaya ya ɓalle, an liƙe gurbin da salatif.
Ya ce, "Kawu, wasan ga kashi-kashi na.
Kak ka hwara da sabon, mai ƙyalli.
Ɗauki na hwarko, wanda yag girme ni.
Hotonai awa an zana da gawayi,
amma shi na tuwon, saura duk miya ta."

Bayan isha'i na baje tabarma a tsakar gida.
Bango na amayar da ranar da ya haɗiya,
ko ganyen dogonyaro ya ƙi motsi.

Ban taka ko'ina ba aka tare ni da tambaya:
wane ne kai?
Ga ƙarfi, ga basira, ga zaƙin baki, ga sa'a,
ga maki biyar kacal a raba musu,
kamar cefanen ƙarshen wata,
ka ƙara wa wannan, wancan ya rame.
Shekara arba'in da bakwai ina cin gero,
ba a taɓa ba ni zaɓi irin wannan ba.
Na zuba duka a baki da ƙwaƙwalwa,
na bar damtse da yunwa.
Malamin firamare ne ni, alli ba shi da nauyi.

Ƙofar ƙarfe ta buɗe, aka turo ni waje.
Duniya ta ƙone tun zamanin kakanni,
ba kasuwa, ba kiran salla, ba ko akuya.
Abin da ya fara kashe ni
ɓera ne.
Ɓera, jama'a.
Sau uku, a lungu guda,
ga ni da zance fal baki, ba mai saurare.

Na kira Arzika, dariya ta hana shi gaisuwa.
"Aje, Kawu! Aje kahin ka buɗe ƙohwa,
aje bayan ka buɗe ta.
Kuma yi magana da kowa, har mahaukaci."

Sannu a hankali na gane takun.
A can ko faɗa layi ake bi, kamar gidan mai:
ka kai naka bugun, ka tsaya a kawo maka.
Kuɗinsu kuwa marafan kwalba ne.
Wayyo, gwangwani biyu na tara ina yaro
a bayan shagunan Tsohuwar Kasuwa,
Inna ta share su ranar wata Juma'a.
Ashe dukiya ta zubar, Allah ya jiƙanta.

Hassatu ta leƙo da fitila a hannu.
"Malam, mi kaka biɗa cikin kangon ga?"
Na ce ruwa nake nema wa mutanena.
Ta haska jarkoki shida a gindin bango,
kowacce baki buɗe.
"Mutanenka," in ji ta. Ta koma ɗaki.

Na ci gaba duk da haka.
Na sami wani ƙauye na kwano da tayoyi,
na sasanta makiyayi da mai rijiya
ba tare da na zare wuƙa ba,
wata tsohuwa mai ido ɗaya ta ba ni igiya.
Har na fara jin ni wani ne.

Sai aka ɗauke wuta.
Batirin, ashe, tsoho ne kamar wasan.
Ban ajiye ba.
Ƙauye, igiya, tsohuwa, sulhu,
duk suka bi duhu,
ni kaɗai na san an yi.

Da asuba na ari kurar maƙwabci
na tura jarkoki zuwa burtsatsen Mabera.
Ina cikin layi, na goma sha ɗaya,
na hangi marfin kwalba a cikin taɓo.
Na duba hagu, na duba dama,
na sa shi aljihu.