Gwiwar Nomau

Shekara sha ɗaya na yi ina kokawa.
Daga Jiratawa har bakin tafkin Madarumfa
makaɗa na hango ni sai kiɗi ya sauya:
Nomau, gawo, ka ƙi ruwan damina,
Nomau da in ba a kan buzun salla ba
gwiwarsa ba ta gaisawa da ƙasa.

Yau gwiwar nan ita ke mulkina.
Ta hagun ta kumbura ta yi kamar tulu,
likita ya latsa, ya girgiza kai, ya rubuta takarda.
Gonata tana can ƙetaren Gulbi,
albasa na jiran mai ita,
likkafa kuwa ta yi mini nisa kamar wata,
in ɗaga ƙafa, ta dawo ƙasa.

Sai na ce, Bidi, tunda hawa ya gagare ni
kai za ka koyi sauka.

Na sayi ƙuli-ƙulin dala ashirin wurin Habsu,
na ja shi zuwa rairayin Gulbi, inda laushi yake.
Na ɗaura igiya a ƙafar gaba,
na zura hannu ta ƙarƙashin ƙirji,
ƙulin na ƙamshi tsakanin ƙafafunsa.
Ya lanƙwasa wuya, ya wafce,
ya tauna yana kallona ido cikin ido,
kofato huɗu kafe a ƙasa.

Kwana tara muna haka.
Masu buga bulo suka mai da mu abin hira:
tsoho, gujiyar Bagalam duk a cikin dokinka za ta ƙare!
Barmo dillali ya tsaya da babur ɗinsa,
ya ce, fizge ƙafar ka kayar da shi mana,
kai ba ɗan kokawa ba ne?

Na san kayarwa, Barmo.
Maza nawa na kayar a gaban iyayensu,
babu ɗaya da ya tashi ya sake ba ni baya.
Wanda zai ɗauke ni ya haye ruwa da ni
ba na son ya tuna ranar da na kai shi ƙasa.

Tsahara jikata ce ta biyo ni da ƙwaryar dusa.
Ta ce, Kaka, kana ta faɗin durƙusa, durƙusa,
kai kuma tsaye kamar turke,
a ina zai gani?
Na daka mata tsawa.
Daren nan na ji kiran assalatu idona biyu.

Kafin masu bulo su fito
na dafa gezarsa, na sauka sannu.
Gwiwa ta yi ƙara kamar kara a wuta,
zafin ya hau har haƙora.
Ashe rairayin asuba sanyi gare shi.
Ba makaɗi, ba alƙali, ba mai guɗa,
ga Nomau a ƙasa.

Bidi ya sunkuyo, ya shinshina ƙeyata,
ya bi hannuna, ya ja jiki baya,
ya miƙe ta dama, ya naɗe ta hagu,
igiyar tana kwance ban ko taɓa ta ba.
Numfashinsa ya cika mini kunne.
Muka zauna haka, gwiwa ɗai-ɗai,
kamar tsofaffi biyu a wurin gaisuwa.

Tashi ne ya gagare ni.
Na rungumi wuyansa, na kifa ciki a gadon bayansa,
ya yunƙura ya tashi da ni
kamar buhun gero.

Barmo ya dawo da jikka goma,
wai in ba shi aro a yi wasa gidan biki.
Na ce, ga ragama, gwada.
Ya yi fito, ya yi lallashi, ya ƙarar da ƙuli,
Bidi na ta kore ƙuda da wutsiya.

Har yau ba ya yi sai na fara.
Kowace safiya ina biyan kuɗin hawa,
gwiwa da gwiwa, ba bashi.
Albasa ta yi kyau bana.
Tsahara na cewa wandona ya ƙoshi da ƙasa.