Awon Dutse

Sunan babana Arzika,
Kalambaina kaf an sha yi masa ba'ar sunan.
Shekara ashirin da bakwai yana fasa farin dutse,
guduma ta cinye kafaɗarsa ta dama,
ta bar masa ta hagu don ɗaukar buta.

Ina ɗan shekara tara ya ɗora mini wani abu a tafi,
katantanwa ce sak, amma dutse, sanyi ƙalau.
Ya ce, "Wanga wuri teku na, da can.
Kihi ya kwana nan inda jakinmu ka tsayawa."
Na dubi fako, na dubi rana,
na ce a raina tsohon nan zafi ya taɓa shi.

Yau ni ne a ɗakin sikeli.
Mota ta hau, lamba ta tsaya, in rubuta.
Tan talatin. Tan arba'in.
Kafin azahar biro ya gaji, layi bai ragu ba.
Wannan za ta zama gada a garin da ban taɓa zuwa ba,
wannan ɗakin haihuwa,
wannan katangar attajirin da ke tsoron maƙwabcinsa.

Masu awon ƙasa sun ce abin da ke kwance ƙarƙashinmu,
a bi ta Wamakko, a zaga Dange, a ɓulla Wurno,
tattaɓa-kunnenmu ma ba zai ga gindinsa ba.
Ga dutsen taki da mata ke tsinta a kwano,
ga yumɓu, ga farar ƙasa,
tukunya ce da aka rufe tun kafin a raɗa wa gari suna.

Kuma ana ci, ban musa ba.
Tumba mai tuwo ta aurar da 'ya'ya huɗu a bakin ƙofar nan.
Nomau mai faci ya je Makka da kuɗin taya.
Ni ma da ƙurar nan aka biya mini makaranta,
ita ce kuma ke tashin baba da tari kafin assalatu.

Bana ruwan Agusta ya kwantar da bangon ɗakinsa.
Na tara albashin wata biyu,
na sayo buhu goma, a farashin da mutumin Legas ke saye,
aka sauke su gindin dogonyaro.

Ya jawo tabarma, ya farke bakin ɗaya da wuƙa,
ya nutsa hannu har wuyan hannu,
ya murza garin tsakanin yatsu, ya daɗe yana murzawa.
Sai ya yi dariya, tari ya karɓe ta.

Ya ce, "Ashe kai na.
Ni nit tashe ka daga barci,
ka shiga birni ka sa riga,
yanzu sai da kuɗi kaka gaishe ni."

Katantanwar tana nan kan teburina,
da ita nake danne rasit
kada iska ta kwashe lissafi.