Waya a Cikin Bango

Shekara ashirin da shida ina binne waya a bangon Legas,
daga Surulere har Ebute-Metta.
Ina gane gidan da zai kama da wuta
tun daga ƙaurin soket.
Nawa gidan ne ban ji ƙaurinsa ba.

Da tsami ya fara, a cinyar hagu,
in na sauko daga tsani.
Hansatu ta ce sanyin damina ne,
garin nan ko ƙarfe ci yake.
Muka ƙarar da man zafi kwalba huɗu.
Mai ɗori na Agege ya lalube ni,
ya ce babu karaya, Ilu, je ka.
Na tafi. Dare ya daina ƙarewa.

A Igbobi suka ɗauki hoto:
rami a tsakiyar ƙashi
kamar gara ta yi wata tana ci.
Suka ɗebi ɗan abin da bai kai gyaɗa ba,
ya yi yawon da ban taɓa yi ba,
sati bakwai ba a san sunansa ba.

Likita Oyelaran ta juya takarda, ta zana da biro.
Ta ce jijiya tana da riga.
Na ce, kamar roba a jikin waya.
Ta ɗago kai ta dube ni.
Ta ce rigar ce ta haukace, tana ta toho,
ba a nama ba, inda aka saba ganinta,
can ciki, inda ɓargo ke kwana.
Tun da ta fara aiki, ni ne na biyu.
Ban tambayi labarin na farko ba.

Ɗalibai sun zagaye gadona,
kowa na son ganin abin da littafi ya ba layi uku.
Ni da ko naira biyar ban taɓa tsinta a danfo ba.

Jibi za su fasa bangon,
su cire taƙi guda, su sa ƙarfe.
Ta ce sai sun yanka har inda yake lafiya.
Haka nake gaya wa yarana:
kar ka ɗaure kan ƙonanne,
ja baya, sai ka ga jan ƙarfe yana ƙyalli.

An ɗauke wuta, janareton asibiti na tari.
Fankar da ke kaina tana kuka,
na san abin da ke damunta.
Hansatu, in za ki kawo kunu gobe,
ɗauko mini testa a aljihun shuɗiyar rigata.