Takardun Fijon Baba Muntari

Ba a ɗaukar ta da yatsa biyu.
Sai ka wanke hannu, ka jira ya bushe,
ka rufe taga, don iskar Aboabo
ba ta san girman tsoho ba,
sannan ka zura tafi a ƙarƙashinta
kamar mai karɓar jaririn da ba a yi wa suna ba.

Falle huɗu ne duka.
Na farkon ya fi ɓawon albasa laushi,
bugun tafireta, tawadar ta koɗe
ta koma launin toka.
Faransanci ne. Baba bai karanta ko baƙi ɗaya ba,
amma ka tashe shi tsakar dare,
zai kawo maka lambar injin tiryan-tiryan
kafin ya tambayi ko wane ne.

Ga hatimin kwastan na Takoradi,
ranar da ƙugiya ta sauko da ita daga jirgi,
fara fat, ya ce, har kunyar taɓa ta yake ji.
Ga inda allura ta yi tsatsa a kusurwa,
ta bar ja kamar tofin mai cin goro.

Garin nan damina biyu yake yi a shekara.
Bango na gumi, katifa na gumi,
gara ba ta barci, kyankyaso ba ya azumi.
Shekara talatin suna cikin gwangwanin biskit
tare da katin asibiti da maɓallan riga,
Allah ne kawai ya yi gadinsu.

Ɗan ƙanwata ya ce, Kawu, kawo in kai Kejetiya,
a manne su cikin leda, sidi biyar, an gama.
Na ce a'a.
Wata tsohuwar ma'aikaciyar ajiyar tarihi ta gargaɗe ni:
abin da ya shiga ledar zafi ba ya fitowa,
kabari ne, sai dai yana sheƙi.
Cire allurar, ta ce. Kada salatif ya kusance su.
Inda suka karye, bar su da karayarsu.
Sa farar takarda tsakanin kowace da 'yar'uwarta,
ka ɗora su sama, nesa da bango,
kada rana ta gan su.
Na ce, Hajiya, wannan ai jinya ce.
Ta ce, da me ka ɗauka?

Motar tana Suwame, wajen Kojo Batone.
Shi ya canza fistin, ya canza lagireto,
ƙofar hagu ta wata mota ce da ta mutu a Kintampo,
fenti uku, kujeru biyu,
sitiyarin ma ba nata ba ne.
Ƙarfe ya gaji, an sauya shi gaɓa-gaɓa.
Abin da numfashi zai iya yagawa
shi kaɗai ya rage daga ranar farko.

Wani ya zo daga Ankara da baƙin tabarau,
bai ko buɗe bonet ba.
Ya ce, takardun nake so in gani.
Ya faɗi kuɗin da ya sa matata ta ajiye ludayi.
Na ba shi ruwa, na raka shi bakin titi.

Abin da ban nuna masa ba yana falle na uku:
wani ma'aikaci can ƙasar sanyi
ya ja ɗan layi da fensir, ya sa harafi biyu,
shaidar ya duba, komai daidai.
Dab da shi, baƙin mai ya zana babban yatsan Baba,
layi-layi, har da tabon da wuƙar goro ta yi masa.
Ba su taɓa haɗuwa ba.
Shekara hamsin ke nan suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

Hadari ya haɗo daga Asawase.
Bari in mayar da su.