Hannuwan Babana, Daƙiƙa Goma Sha Biyar

A tashar jiragen ruwa ta Paotere, a Makassar,
inda ƙarnin kifi ke riga ladan tashi,
babana Daeng Ngalle yana ɗinkin koma.
Shekara arba'in ke nan.
Bai taɓa cewa kowa ya zo ya gani ba.

Ni ce na ɗaga waya.
Wayar ma ta bashi ce, fuskarta a tsage.
Na jingina ta da gwangwanin madara
na ɗauki yatsunsa kawai:
zare ya shiga, zare ya fita, ƙulli,
zare ya shiga, ƙulli.
Daƙiƙa goma sha biyar.
Na ɗora, na tafi wanke-wanke.

Kafin gari ya waye, mutum miliyan uku.
Sau huɗu ina bin sifilin da farce.
Wata mata, can inda ƙanƙara ke toshe ƙofa,
ta rubuto wai hannunsa ne ke sa ta barci.
Na karanta masa. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya,"
ya ciji zare ya tofar.

Kuɗin ba su zo da wuri ba.
Sai ka cika adadi, sai ka jira tsakiyar wata,
sai banki ya yanki tsokarsa.
Amma sun zo.
Muka sauya kwanon da ke yoyo a kan gadon mahaifiyata,
Baso ya koma makaranta da takalmi,
na sayi fitila mai zobe, fara fat,
mai sa fuska ta yi kamar ba a taɓa kuka da ita ba.

Daga nan na shiga bautar wani ubangida marar fuska.
Ba ya magana. Ya ɗaga ka, ko ya yar.
Yau dubu ɗari tara, gobe ɗari biyu da sha ɗaya,
alhali komar ita ce, hannun shi ne.
Ina kwana shafa waya
kamar mai jinyar jariri da zazzaɓi.
A ɗora da bakwai, in ji wasu. A'a, da tara.
Daƙiƙa biyun farko su ne ƙugiya,
in ba ka kama su a nan ba, babban yatsa ya tafi da su.
Mu 'ya'yan masunta ne, mun san ƙugiya.
Wane ne kifin, shi ne ban sani ba.

Ran Talata wuƙa ta zame.
Jini ya sauka a kan shuɗin zare,
wayar tana hannuna, tana ɗauka,
kuma, Allah yana gani,
sai da na ƙirga uku kafin na ajiye ta.

Miliyan bakwai.
Masu man shafawa suka aiko da tayi.
Wani ya ce a sake, amma a matso kusa.

Da kuɗin yatsan na biya ɗinkin yatsan.
Likita ya yi ƙulli biyar. Baba ya juya hannu ya duba,
ya ce, "Yaron nan hannunsa bai faɗa ba tukuna."

Da dare, muna cin shinkafa da gasasshen kifi,
ya ce, "Tenri, mutanen nan naki,
akwai wanda komarsa ta yage a cikinsu?"
Na ce babu.
"To me suke kallo?"
Na buɗe baki.
Injin wani jirgi ya tashi a waje, ya cece ni.

Yanzu yatsan ba ya lanƙwasa sosai.
Ƙulli ɗaya yakan ci daƙiƙa ashirin,
ni nake ƙara masa sauri a waya
don kada a gaji a wuce.
Bai sani ba. Ko ya sani bai faɗa ba.

Ran Juma'a dai ba na ɗauka.
Ina zama gefensa a kan kifaffen bokiti,
ya miƙo mini allurar katako.
Ina ƙullawa, yana warwarewa,
ina ƙullawa, yana warwarewa,
ba mai kallonmu sai kyanwar tasha,
ita ma kan kifi take jira.