Ledar da Ba Ta Mantuwa

Asabar ce a Tarnów, sanyi na cizon kunne.
Babana Zdzisław ya ja ƙofar gareji,
ya kunna hita, ya ce, "Bogna, mu ɗan jira.
Ledar nan ba ta shiri da sanyi,
in aka matsa mata, sai ta tsage."

Skoda ce ja, shekararta sha tara.
Rana da ƙanƙara sun cinye fentin rufinta,
ya yi dabbare-dabbare kamar gindin tsohon kwano.
Mai fenti ya faɗi kuɗi, Baba ya yi tsaki,
ya sayo baƙar leda mai gam, mita biyu,
nannaɗe cikin dogon kwali.

Muka wanke, muka goge da sifirit.
Ya kwance eriya, ya jefa noti a aljihu.
Ba a yi minti biyar ba
yana tambaya wa ya ɗauke masa noti.
Na ce, "Yana aljihunka."
Ya ce, "Ai na sani."

Ni a hagu, shi a dama,
muka ɓare takardar baya,
muka ɗaga sama kamar masu shimfiɗa zanin gado.
"Ja! Kar ki saki! A'a, a hankali mana!"
Ta sauka, ta yamutse nan take,
tamoji tun daga gilashin gaba har na baya,
irin na goshinsa
ranar da likita ya ce ya haƙura da tuƙi.

Na ce shi ke nan, kuɗi sun bi ruwa.
Bai tanka ba. Ya shiga gida,
ya fito da na'urar busar da gashi ta Mama
wadda ba wanda ya taɓa tun bara.
Ya ɗaga gefen da ya cukuikuye, ya hura masa zafi,
sai ga leda tana miƙewa da kanta,
sumul, kamar ba a taɓa ɓata mata rai ba.

"Kin gani? Ba ta mantuwa.
Ɗumi kawai za ta ji, ta tuna yadda aka yi ta."
Na juya baya ina neman reza,
rezar kuwa tana hannuna.

Katin banki muka naɗe da tsumma,
daga tsakiya zuwa baki muna korar iska,
taki kaɗan-kaɗan, ba magana,
sai kukan na'ura da ƙarar gwiwarsa.
Da aka zo yanka, ya karɓi reza.
Hannun da ya shekara talatin a masana'anta
ya bi gefen roba, layi ɗaya, ko gezau.
Ɗazu ya kira ni da sunan ƙanwarsa,
amma hannun bai yi ɓatan kai ba.

Maƙwabcinmu Mieczysław ya leƙo da sigari a baki:
"Kai! Kun sa wa tsohuwa sabuwar hula!"

Da yamma na haska tocila ina dubawa.
Kumburi uku, na sa allura, suka kwanta.
Na huɗu ya ƙi.
Farin gashi ne guda, ɗan guntu, na gira,
kwance ƙarƙashin baƙi, daidai saman kujerar direba.
Ya ce, "A ɗaga, a sake."
Na ce, "Bar shi, Baba. Sai dogo zai gani."

Ya daɗe yana shafa rufin da tafin hannu,
sannan ya miƙo mini makulli,
tunda ni zan tafi da ita Kraków ran Litinin.
"Kar ki wanke ta sai bayan kwana uku.
Kar ki bari su sa mata buroshi."

Ya laluba aljihu, ya ci karo da noti,
ya dube shi, ya dube ni, ya yi dariya.
Muka ɗaura eriya.
Rediyo ya ce gobe akwai dusar ƙanƙara.