Littafin Daren Talata

A gwangwanin biskit suka miƙo mini littafin,
bangonsa na warin taba da gishirin teku.
Ni ne magatakarda na tara,
in ba wani ikon Allah ba, ni ne na ƙarshe.

Shafin farko, hunturun hamsin da uku.
Jirgin kamun kifi ya fita da mutum biyar,
teku ta maido takalmin roba ƙwaya ɗaya.
Maza bakwai suka hau benen mai gasa burodi,
suka zauna jugum, an rasa mai fara magana,
har Cyril Hebden ya cire hularsa
ya ajiye ta a tebur, bakinta na kallon sama.
Fam huɗu da sule shida.
Tushen ke nan.

Doka uku ce, da rubutun Cyril mai tafiyar ƙaguwa:
wanda ya makara, kwabo biyu;
ba siyasa sai an sha shayi;
wanda aka taimaka, ba a rubuta sunansa.

Sauran shafukan wauta ce mai amfani.
Sun tura gadon ƙarfe mil goma sha ɗaya,
limamin coci na kwance a kai, rungume da bokiti.
Kowace sabuwar shekara su faɗa teku,
ƙatti masu tumbi, haƙora na kaɗawa,
matansu a gaɓa da tawul, dariya har da hawaye.
Matan nan su suka toya kek ɗin da ya fi kawo kuɗi,
amma sai da aka shekara ashirin
littafin ya tuna da su, layi guda: an gode wa mata.
Gawayin ɗumi ga tsofaffi.
Keken guragu biyu.
Motar asibiti, bayan shekara shida ana tara-tara.

Sai sittin da takwas.
Nan alƙalami ya danne takarda har ya huda.
Fam uku sun yi ɓatan dabo.
Mahaifina, Dennis Crowther, shi ne shugaba,
ya miƙe ya nuna ma'aji da yatsa.
Alwyn Pettit bai ce uffan ba.
Ya ajiye makulli kusa da butar shayi, ya sauka.
Shekara goma sha tara suna haɗuwa a layin gidan waya,
kowa ya kafa wa ƙasa ido.
Da Alwyn ya rasu, babana bai je ba.
Ya ce ƙafa ke damunsa.

Jiya bangon baya ya ɓare a hannuna.
Rasit ya faɗo, ya yi ja don tsufa:
takalmin makaranta, baƙi, lamba huɗu,
da kwat ɗin yaro mai maɓalli shida.
Na san maɓallan nan.
Na tsotsi na saman har ya tsage.
Shekarar ce masana'antar kifi ta sallami babana,
yana fita da safe da jakarsa don kada a gane.
Ƙunshin a bakin ƙofa muka tsince shi,
inna ta ce goggo ce ta aiko daga Hull.
Ba mu da goggo a Hull.

Ta yaya Alwyn zai kai maganar gaban taro,
mabuƙacin na kan kujerar shugaba?
Ya zaɓi a kira shi ɓarawo
da ya karya doka ta uku.

Yanzu mu huɗu muka rage.
Gidan burodin ya koma shagon gyaran waya,
samari da yatsa suke ba da gudummawa,
ba sai sun hau bene ba.
Hular Cyril na nan, asu ya ci gefenta.

Talata mai zuwa zan riga kowa isa.
Zan sa fam uku a ciki,
in rubuta: an maido. Ba suna.
A ƙasa in ƙara kwabo biyu,
kuɗin makara.